Ɗan da na shayar ta bayan niƙabi

Shekarun baya masu ɗan nisa, tun muna zaune a wani tsohon bene a Sharafiyya, na haifi ɗana na fari. Farkon shekarun dubu biyu ne, a tsakiyar zafin Jidda, zafin nan mai damshi da mutum zai fito daga wanka bai san ruwa ne a jikinsa ko gumi ba. Wata a cikinku ta tambaye ni kwanaki me ya sa bakina yake ɗan jirkicewa idan na yi dariya, har tana ba ni haƙuri wai ko ta yi shisshigi. Ba ki yi ba, 'yar'uwa. Zauna ki ji yadda aka yi.

Maigidana a lokacin yana aiki a wani sito a tashar jiragen ruwa, kuma shi yana da iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ni ce ba ni da takarda. Umara na zo na zarce, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. Mahaifiyata tana gida Najeriya, babu halin ta zo, don haka gwaggon maigidana ce ta dawo gidanmu zaman jego. Tsohuwa ce da ta riga ni zuwa Jidda tun kafin a haife ni, Hausarta rabi Larabci, kuma ba a yi mata musu. Ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Gwaggo ba ta yarda cewa zama a ƙasar Larabawa ya ɗauke wa mace wankan jego ba. Safe da yamma za ta tafasa ruwa a wata ƙatuwar tukunya, ta ɗebo ganyen darbejiya da take karyowa a bakin titi, ta tura ni cikin banɗakinmu da ko taga ba shi da ita, ta dinga fyaɗa min har sai na fara ganin dishi-dishi. Ina fitowa kuwa, ba na tsayawa ko'ina sai gaban mukayyif, wato na'urar sanyin ɗaki, in kafa masa fuska kamar mai neman gafara. Ta yi faɗa har ta gaji.

Wata safiya, bayan suna da 'yan kwanaki, na je kurkure baki sai ruwan ya zubo ta gefe ya jiƙa min riga. Na sake gumtsa, ya sake zubowa. Da ma na kwana biyu ina jin ciwo a bayan kunnena na hagu, ban ɗauke shi komai ba. Na ɗaga kai na kalli madubi. Rabin fuskata na hagu ya saki, girar ta ƙi ɗaguwa, idon ya ƙi rufuwa, bakin kuma ya janye ya koma dama. Na yi ƙoƙarin yin salati, leɓɓan suka ƙi haɗuwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Gwaggo tana ganina ta ce abu waji ne, haka mutanen can suke kiran ciwon, kuma mukayyif ne ya ja min. Nan take ta kafa dokokinta. Aka rufe madubai da zannuwa, aka saki labule ɗakin ya yi duhu, aka hana ni ruwan sanyi, ta ba ni gyaɗar ƙamshi in dinga dunƙulewa a kumatun da ya mutu. Ta so a kai ni wajen wani mai lalas ya ɗana min ƙarfe mai zafi a bayan kunne, a nan ne kawai maigidana ya turje. Sai babbar dokar, wadda ita ce dalilin wannan labari. Ta ce jariri abin da ya ƙura wa ido yana shan nono shi yake ɗauka, don haka kada in kuskura yaron ya ga fuskata har sai ta miƙe. Ta ce da idonta ta taɓa ganin yaron da bakinsa ya karkace ta haka. Ta ɗauko niƙabina na fita unguwa ta miƙo min.

Ni kuwa haihuwar fari, ba uwa a kusa, me na sani? Da ta ce in dinga shayar da shi a tsaye da ƙafa ɗaya ma da na yi.

Asibiti kuma ba mu je da wuri ba, saboda ana ta kame a lokacin, ni kuma ko ƙofar gida na leƙa gabana faɗuwa yake. Sai da aka ci makonni maigidana ya lallaɓa da ni wani mustausaf, ƙaramin asibitin kuɗi da ba a cika tambayar takarda ba. Likitan ya ce jijiyar da ke motsa rabin fuska ce ta kumbura, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, kuma ba lallai sanyi ne ya kawo ta ba, tana yawan samun masu ciki da masu jego. Ya ce da a kwanakin farko na zo, akwai ƙwayar da take taimakawa sosai. Ya ba ni maganin ɗigawa a ido, ya ce in yi haƙuri, yawancin mutane tana warwarewa da kanta. Kunya ta hana ni tambayarsa zancen yaro.

Jidda gari ne mai sauƙi ga mai son ɓoye fuska. A titi ba wanda zai kalle ki sau biyu, kowace mace haka take. Matan da suka zo barka ma sai na ce musu mura nake yi. Abin da ya zama baƙo shi ne niƙabi a cikin ɗaki, a kan gado, da jariri a cinya. Da ya motsa zai yi kuka, hannuna ya riga ya kai kan baƙin ƙyallen nan kafin ya kai kansa. In ɗaure, in ɗauke shi, in sa shi a nono. Ya ɗago idanunsa yana kallon 'yar tsagar da idanuna suke, ɗaya yana ƙiftawa, ɗaya yana zubar da ruwa. Wanka, canjin tsumma, rarrashi, duk a haka nake yi.

Aka yi arba'in, gwaggo ta koma gidanta, dokarta ta zauna. Maigidana ya sha ce min in cire abin nan, shi bai yarda da zancen ba. In ce masa to idan gaskiya ne fa? Sai ya ƙyale ni. Kuma in faɗa muku gaskiya, niƙabin ya yi min daɗi ta wani gefen, don ni kaina ba na son a gan ni. Abinci ma sai na juya baya nake ci, saboda yadda yake taruwa a kumatu, miya tana bin haɓa.

Sai yaro ya fara murmushi. Ya yi wa ubansa. Ya yi wa gwaggo idan ta zo dubiya. Ya yi wa mutumin da ke kawo mana tukunyar gas. Wallahi har fankar sama yaron nan yake yi wa dariya, ya dinga wutsil-wutsil da ƙafa. Ni kaɗai ce ba ya yi wa. Ya san ƙamshina, ya san muryata, a hannuna yake barci, amma idan ya kalle ni fuskarsa a ɗaure take, kamar mai kallon bango. Ina yi masa nawa rabin murmushin a ƙarƙashin ƙyalle, ba ya gani. Na yi kishi, kishi na gaske. Mace da hankalinta tana kishi da fanka.

Watanni suka tafi, fuska ba ta motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ana nan wani abokin aikin maigidana, Bahaushen Sudan, ya ba shi labarin wata likita 'yar China da ke aiki a wani asibitin kuɗi a Aziziyya, wai ta yi wa wani ɗan'uwansa aiki a kan irin wannan ciwo. Na ɗauka allurar nan ce siririya da ake jera wa mutum a jiki ya kwanta. Na ce a je, me ya rage?

Mace ce 'yar ƙarama, ta manyanta, tana da Larabci na kame-kame, ni ma nawa na kasuwa ne, sai muka dace. Ta sa na ɗage niƙabi. Ta ce in ɗaga gira, in rufe ido, in hura kumatu, duk na kasa. Ta dinga bin bayan kunnena da ƙeyata da muƙamuƙina da ɗan yatsa, tana dannawa, duk inda na zabura sai ta ɗiga alama da biro. Sannan ta ɓare wata takarda ta nuna min abin aikin. Allura ce, amma ta fi ta asibiti kauri, ba ta kai basilla ba, tana da 'yar mariƙa, bakinta kuma ba tsini ba ne, a baje yake kamar na ƙaramar aska. Ta ce allura ce kuma wuƙa ce, duka biyu.

Na kalli ƙofa. Ni da ko kitso aka ja min da ƙarfi sai na yi ƙwalla, ni za a shigar wa wuƙa a fuska? Ta ga alama, sai ta kama gefen abayata ta tattare shi a hannu ta murɗe. Ta ce haka naman da ke kewaye da hanyar jijiyar ya ɗaure ya manne tun da ciwon ya daɗe, ita kuma za ta shiga ta ɗan sassaka wuraren da suka manne, ba jijiyar za ta taɓa ba. Ta saki abayar ta warware. Maigidana ya tambaye ta ko tabbas za a warke. Ta kaɗa hannu ta ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Wannan amsar ce ta sa na kwanta, don duk waɗanda suka yi min magani kafin ita rantsuwa suke yi.

Ta goge wuraren, ta yi min allurar kashe zafi, ta fara daga bayan kunne. Zafin bai kai yadda na zata ba, nauyi ne da tsami. Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarar, don a cikin kaina nake jin ta, ƙas, ƙas, kamar ana tsinke zaren ɗinki. Ba ta barin allurar a jiki. Ta shiga, ta yi abin da za ta yi, ta zare, ta danne da auduga, ta manna filasta, ta koma alama ta gaba. Kafin in gama karanta duk addu'ar da na iya ta ce halas, wato an gama. Ta ce kada ruwa ya taɓa wurin na 'yan kwanaki, in dawo mako mai zuwa, kuma in dinga motsa fuskar a gaban madubi. Da na koma gida ni da kaina na yaye zanin da ke kan madubin.

Bayan zuwa na uku ko na huɗu, ina kwance da rana sai na ji ɗakin ya yi duhu gaba ɗaya. Idona na hagu ne ya rufu da kansa. Daga baya ruwan alwala ya fara zama a baki, girar ma ta fara ɗan motsi. Allurar ce ta yi, ko da ma lokacin warkewar ne ya zo, ni ban sani ba, ita ma likitar ba ta taɓa cika baki ba. Bakin dai idan na yi dariya yana nan yana gudu dama, don haka niƙabi yana nan.

A wani zuwa da na yi, tana gama manna filasta yaron ya farka da kukan yunwa. Daga ni sai ita sai ma'aikaciyar jinya a ɗakin, duk mata. Na jawo niƙabi na ɗaure tsaf, sannan na karɓe shi na sa a nono. Likitar ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni dalili. Na haɗa Larabci da hannu na yi mata bayanin dokar gwaggo. Na ɗauka za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce wannan ciwo ba ya bin kallo, ba ya bin nono. Ta tambayi watanninsa, na faɗa mata. Sai ta ce, "To yaushe rabonsa da ganin fuskarki?"

Na lissafa a zuci. Rabonsa da ita tun yana ɗan tsumma, tun bai san me yake kallo ba.

Ta ci gaba da tattara kayanta, ta ce, "Allurata ta fuska ce. Wannan ba ni da allurarsa."

Ranar bayan la'asar, maigidana bai dawo ba, na zauna a bakin gado na sa yaron a nono, na yi bisimilla na kwance niƙabin. Ya ɗago ido. Ya daina tsotsa. Ya saki nonon, leɓensa na ƙasa ya fara rawa, sai ya callara ƙara, yana banƙarewa yana neman sauka daga jikina. Na kira shi da sunan da nake kiransa, ya ƙara firgita, don ga muryar uwarsa tana fitowa daga bakin wata da bai sani ba. Na yi sauri na mayar da ƙyallen. Ya yi ajiyar zuciya, ya lafe, ya kama nono ya ci gaba da sha.

Na sha wahalar naƙuda, na sha ruwan zafin gwaggo, na sha wuƙa a fuska, babu wanda ya yi min ciwo kamar wannan ajiyar zuciyar. Ɗana ya fi natsuwa da baƙin yadi a kan fuskar da ta haife shi, kuma da hannuna na koya masa.

Maigidana ya dawo ya same ni ina kuka da ido ɗaya da rabi. Na ce masa yaron ya ga munina ya tsorata. Ya ce ba muni ya gani ba, baƙuwa ya gani, ko fuskar tawa lafiyarta ƙalau haka zai yi. Ya ce baƙo kuma da zama ake sabawa da shi. Muka fara a hankali. Shi zai riƙe yaron, ni in zauna nesa kaɗan fuska a buɗe ina hira da su. Wani lokaci in ɗage niƙabin ina yi masa waƙa, in sake, in ɗage, ya zama kamar wasa. Ya yi kuka, ya yi ƙiwa, akwai ranar da ya ƙi nono tun safe har azahar, har na kusa komawa gidan jiya. Sannu a hankali ya daina kuka ya koma kallo. Ya fara kai hannu yana taɓa hancina, yana jan leɓena, yana neman ɓare filastar likita. Murmushi dai shiru.

Ana cikin haka gwaggo ta zo ba sanarwa, ta tarar da ni ina shayarwa fuska a waje. Ta tsaya a bakin ƙofa da ledarta a hannu. Ta ce ashe duk wahalar da ta sha a kaina ban ɗauke ta a bakin komai ba, idan bakin yaron nan ya karkace me zan ce wa ubansa, me zan ce wa Allah? Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ki yafe min. Gara ya karkace ya san ni."

Ta ajiye ledarta. Ta shiga kicin ta ɗora min kunun kanwa, kamar yadda ta saba.

Bayan wasu makonni, da hantsi, ina canja masa riga ina yi masa surutu, na yi dariyar wani abu da ya yi. Ya tsaya ya ƙura min ido, sai ya yi murmushi. Murmushin da na yi watanni ina jira. Amma bakinsa gefe ɗaya ya tafi, ya janye dama, ɗaya gefen bai motsa ba. Na ce shi ke nan, maganar gwaggo ta tabbata, na nakasa ɗana da taurin kaina.

Ban jira kowa ba. Ni da ba na fita ni kaɗai don tsoron kame, na suri yaro na tare tasi sai Aziziyya. Na faɗa ɗakin likitar ina magana Hausa zalla, na manta ba ta ji. Da ta gane, ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta kaɗa masa makullanta. Ya ƙyalƙyale da dariya, baki a buɗe daidai wa daida, kumatu biyu duk sun lotsa. Ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya, ta yi masa wasa, haka. Ta hura masa iska a fuska, ya runtse idanu biyu tam. Sannan ta dawo min da shi. Daɗi ya sa na yi masa murmushi ina hawaye. Ya kalle ni, ya janye bakinsa gefe.

Likitar ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ke yake yi wa."

Ashe gwaggo ba ta yi ƙarya duka ba. Yaro yana ɗaukar abin da ya ƙura wa ido. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne ba ciwon yake ɗauka ba. Ya ga yadda uwarsa take murmushi, shi ne yake amsa mata da irin nata.

Na ƙarasa zuwa wajen likitar har ta sallame ni. Fuska ta dawo, saura ɗan abin da kuke gani. Masu tambayata ko allurar nan mai bakin aska tana aiki, abin da na gani a jikina kawai zan iya faɗa, ban san na wani ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne, duk wanda ya wayi gari bakinsa ya karkace ya nufi asibiti a ranar, kada ya yi zaman ɗakin duhu irin nawa, kuma kada ya bari wanda ba likita ba ya shigar masa da ƙarfe a fuska. Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Tsoro ne ya sa ta, ni ma tsoro ne ya sa na bi. Abin da har yau yake taɓa ni shi ne watannin nan na farko. Na ɗauka uwa sai ta gyaru sannan ta cancanci ɗanta ya gan ta, na tsaya jiran gyaruwa shi kuma yana ta girma. Ba su dawowa, na kuma daina yi wa kaina ƙaryar cewa ba komai.

Mun daɗe da dawowa gida. Yaron nan yanzu ya fi ubansa tsayi, har da gemu, yana aiki a wani gari. Duk hotunansa ku duba, bakinsa a miƙe yake sarai. Da ƙaramar sallar da ta wuce ya zo, ya durƙusa ya gaida ubansa yana fara'a, ya juyo wajena. Ƙanwarsa da ke zaune tana kallo ta ce, "Yaya, wai me ya sa in za ka yi wa Umma murmushi sai ka karkata baki? Ita kaɗai kake yi wa haka."

Ya taɓa bakinsa, ya ce shi bai san yana yi ba. Ni ma ban ce masa ya daina ba.